Tunau da Gumin Manaja

Ga ta nan tafe gare ku, 'ya'yan nan. Ku ajiye wayoyin hannunku ku matso, ku ji labarin Tunau na Marken Dutse.

Tunau ɗan Iya Tabawa ne. Ta daɗe ba haihuwa, har ta cire rai, sannan Allah ya ba ta shi. Ya taso dogo, ƙaƙƙarfa, ga ladabi, ga gaskiya, ba ya sata ba ya zagi. Abu ɗaya aka rage masa, shi ne abin da ke tsakanin kunne da kunne. In ka ce masa ya tsaya nan kana zuwa, to ko ruwa aka yi da ƙanƙara nan za ka dawo ka same shi. Matarsa Hansai mai kaifin baki ce da zafin nama, ta san abin da ta aura, ta kuma rungumi kayanta. 'Ya'yansu uku, duk ƙanana, duk masu ci kamar fara. Gonar da uban Tunau ya bari tana bakin rafi, kowace damina rafi na gutsurar ta, har shekarar da aka yi babban ruwa ya lashe sauran. Gidan nan ba rumbu, ba akuya, ko kaza babu. Shi ya sa ranar da kawun Hansai ya samo wa Tunau aikin masinja a kamfanin casar shinkafa na Alhaji Mudi, can bakin titi, sai da Iya Tabawa ta rangaɗa guɗa da bakinta mara haƙori.

Aikin na gwaji ne. Manajan kamfanin, Malam Haladu, ya faɗa masa tun ranar farko.

"In an gama kaka muka ga kana da amfani, mu riƙe ka. In ba ka da shi, ƙofar da ka shigo ba a toshe ta ba."

Da ya kawo wannan magana gida, Hansai ta zaunar da shi.

"Baban Ladi, buɗe kunnenka. Aikin nan shi ne tuwonmu, ba mu da wani. Duk abin da aka ce ka yi, ka yi shi yadda aka faɗa. Kada ka rage, kada ka ƙara, kada ka yi tunani. Tunanin nan naka shi ke jawo mana."

"To," in ji Tunau.

Baiwar Allah, da ta san abin da zai biyo baya da ta kama bakinta.

Kamfanin nan kashi biyu ne. A waje leburori ne, masu ɗaukar buhu da shanya shinkafa a rana, busassu kamar karan dawa. A ciki kuwa ma'aikatan ofis ne, ƙarƙashin fanka. Ga Manaja Haladu, wanda cikinsa ke riga shi shiga ɗaki. Ga Akawu Badamasi, wanda in biro ya faɗi ƙasa sai ya ƙwala wa masinja kira. Ga Hajiya Lantana mai karɓar kuɗi, wadda kujerarta ta lotsa ta ɗauki fasalinta, ba wanda zai iya zama a kai in ba ita ba. Tun safe suna zaune. Waina ta zo ta same su, shinkafa da miya ta zo ta same su, tsire da lemon kwalba su zo su same su. Masallaci yana jikin ofis, amma sai liman ya yi nisa suke isowa, suna haki kamar sun taho daga Gabas.

Ana haka sai mai kula da sito, shi ma wani tulelen mutum, ya zame daga kujera da rana tsaka, ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce hawan jini ne da suga da yawan zama. Alhaji Mudi ya tsorata. Ya ɗauko wata ma'aikaciyar jinya daga birni, Malama Furera, siririya mai saurin magana, ya ce ta riƙa zuwa duk Laraba tana sa ma'aikatansa motsa jiki. Ta zo da wani ɗan littafi da aka rubuta don mutanen birni, tana karanta musu. Suna gyaɗa kai suna hamma. Mutum ɗaya ne ya saurara da zuciya ɗaya, shi ne kuma wanda ba ya buƙata, Tunau, da kullum ke takowa da ƙafa tun daga Marken Dutse, ya wuni ana aikensa kamar ƙwallo.

Wata rana Malama Furera ta ce, "Daga gobe kowa ya sauka daga abin hawansa tun da nisa. Ku bar shi can, ku ƙaraso da ƙafa."

Tunau ya dawo gida fuska a murtuke, ya ƙi taɓa tuwo.

"Lafiya?" in ji Hansai.

"An ce kowa ya sauka daga abin hawansa. Ni ba ni da abin da zan sauka daga kansa. Korata za a yi."

Hansai na fama da ƙaramin yana tsala kuka a bayanta, ba ta ji da kyau ba, ta ce, "To ka nema mana."

Da safe Tunau ya je ya ari jakin maƙwabcinsu. Tsohon jaki ne mai taurin kai, tafiyar ƙafa ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Haka ya hau, dogayen ƙafafunsa na jan ƙasa. Da suka kai fadama ya sauka, ya shafa wuyan jaki, ya ce, "An ce in bar ka nan." Bai ɗaure shi ba, bai yi masa dabaibayi ba, don ba a ce ba. Jaki ya dubi dama ya dubi hagu, ya ga lambun latas da kabeji kore shar. Kafin azahar sai ga mai lambu a ƙofar kamfani, yana jan jaki da kunne yana ɗura ashar.

"Tunau, je ka ga wane ne ke mana ihu," in ji Manaja, ko motsi bai yi ba.

Tunau ya fita ya dawo. "Ranka ya daɗe, ni ake nema."

"Wa ya ce ka saki jaki a lambun mutane?"

"Malama ce ta ce a bar shi can."

Ranakun hutunsa na watan nan kaf a ban ruwan lambu suka ƙare. Shi kuwa Manaja ya bi dokar Malama, ba a ce bai bi ba. Ya ce wa direbansa ya daina kai shi bakin ƙofa, ya riƙa sauke shi a gindin darbejiya. Darbejiyar nan kuwa inuwarta a kan ƙofar ofis take faɗuwa.

Wata rana kuma Malama ta buɗe littafinta ta karanta, "Duk inda za ku je a wurin aiki, ku bi ta matattakala. Hawa da sauka yana ƙarfafa zuciya."

Ofishin nan ba bene ba ne, 'ya'yan nan, ko dakali mai tsawo babu. Ita Malamar ba ta ɗaga kai ta duba ba, abin da ke cikin littafi kawai take zubawa. Kowa ya manta kafin ta kai bakin titi, ban da Tunau. Washegari sai ga shi da tsanin gidansu a kafaɗa, wanda ake hawa rufin ɗaki da shi. Ya jingina shi a bangon ofis. In aka aike shi ofishin Hajiya, sai ya fita waje, ya hau tsani, ya taka kwano ƙaram ƙaram, ya jawo tsanin sama, ya zura shi ta ɗaya ɓarin, ya sauka, ya shiga ta ƙofar baya. Saƙon da zai miƙa da hannu daga inda yake tsaye sai shayi ya huce bai isa ba. Kwanon rufin tsoho ne, tsatsa ta gama da shi. Ana cikin haka ya taka wani wuri, ƙafarsa ta burma, ta fasa silin, ta leƙo daidai kan teburin Akawu Badamasi. Akawu ya buɗe kular abincinsa ke nan, ya yi bismilla. Ƙura ta zubo, kashin jemagu na shekara da shekaru ya zubo, da busasshen ƙadangare guda, duk cikin miyar.

Akawu ya ɗaga kai ya ga ƙatuwar ƙafa mai faso tana lilo.

"Innalillahi! Wane ne?"

"Ni ne, Malam Akawu," in ji murya daga sama. "Hajiya ta ce ka ara mata abin huda takarda."

Sai da leburori suka hau suka zaro shi kamar rogo. Manaja ya ce, "Saura kaɗan, Tunau. Wallahi saura kaɗan." Hansai kuwa da ta ga ƙwabrinsa duk ya kuje, ta zage shi tas, sannan ta dafa ruwa ta gasa masa.

Wata rana Malama Furera ta zo ta tarar ba wanda ya yi ko ɗaya daga abin da ta faɗa, sai Tunau. Ta ce lallai ga mutumin kirki. Ta ciro usur daga jakarta ta rataya masa.

"Duk wanda ka ga ya daɗe a zaune, ka busa masa har sai ya miƙe. Ko wane ne."

"Ko wane ne, Malama?"

"Ko wane ne."

Kai, ranar nan kamfani bai ga zaman lafiya ba. Ya busa wa Akawu, Akawu ya jefe shi da takalmi, ya ɗauko ya kawo masa da hannu biyu, ya ci gaba da busa. Ya busa wa Hajiya Lantana, ta ce, "Ɗan nan, na haife ka, ka kiyaye ni." Ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya," ya ƙara busawa. Wani babban ɗan kasuwa ya zo daga nesa zai sayi shinkafa mota guda, ana tsakiyar ciniki, an kusa shiryawa, Tunau ya zo ya tsaya a kansa ya cika kumatu. Mutumin ya zabura, ya zaci gobara ce, ya fita ba takalmi, bai kuma dawo ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Bayan azahar Manaja ya ɗauki buta ya shiga ban ɗaki. Mutum ne mai fama da taurin ciki, in ya shiga sai an manta da shi. Tunau ya tsaya a ƙofa yana jira. Da ya ga shiru ya yi yawa, ya kafa baki a ramin makulli.

Fiiiit!

"Wane ɗan iska ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ka daɗe."

"Tafi ka ba ni wuri!"

"Ka miƙe, ranka ya daɗe?"

"Ban miƙe ba, uban wa zai sa ni?"

Fiiiit! Fiiiit!

Leburori suka ajiye buhuna suka taru, har da masu kwanciya ƙasa don dariya. Manaja ya fito yana riƙe da mazagin wando, ido jajir, ya fizge usur ɗin ya cilla shi kan tulin ɓuntun shinkafa. Tunau ya tono abinsa. Da yamma ya tarar da Iya Tabawa zaune tana tsinke zogale, ya busa mata. Tsohuwa ta miƙa hannu ta ɗauki muciya ta sauke masa a gadon baya. Daga ranar usur ya koma hannun 'yarsa Ladi, tana kiran 'yan'uwanta da shi.

Wata rana Malama ta ce, "Na ga ba ku son abu mai wuya. To ga mai sauƙi. Kullum da safe kowa ya zagaya kamfanin nan, ta bayan filin shanya, har sai ya yi gumi. Sai an yi gumi yake da amfani."

Da ta tafi Manaja ya yi tsaki.

"Ni da girmana in riƙa zagaye a gaban leburori, suna kallon ƙeyata? To me aka ɗauki masinja ya yi? Tunau!"

"Ranka ya daɗe."

"Daga gobe ka riƙa yi min nawa."

Akawu ya ce, "In ka gama na Manaja ka yi nawa." Hajiya Lantana ta ce, "Ni ma, ɗan albarka, amma nawa a hankali, gwiwata na ciwo."

Ku ji manyan mutane masu takardun makaranta. Sun saba a ɗauko musu, a kai musu, a sayo musu, har sun ɗauka lafiyar jiki ma aikenta ake yi. Tunau kuwa bai ga abin mamaki ba, aike ne kamar kowane aike. Kullum da safe ya yi na Manaja da sauri, ya yi na Akawu, ya yi na Hajiya yana ɗingishi saboda gwiwarta, sannan ya yi nasa. Ya ƙara bushewa, wuyansa ya zama kamar na zalɓe. Abu ɗaya ke damunsa. Shi dai ya san in an aike ka sayen ƙosai, ƙosai kake kawowa. In an aike ka ɗebo ruwa, ruwa kake kawowa. Yau ga shi ana aikensa yana dawowa hannu sake.

Laraba ta zagayo. Malama ta sa aka jawo sikelin awon shinkafa, ta ce kowa ya hau. Manaja ya hau, allura ta wuce inda take a da. Akawu ma haka. Hajiya ta ce sikelin ne ya lalace.

"Kuna zagayen kuwa?" in ji Malama.

"Kullum," in ji Manaja. "Ko fashi ba na yi."

Sai ga Tunau ya shigo, jiƙe sharkaf, riƙe da tire, da kofuna uku a kai. Ashe yau dabara ta zo masa. In ya gama na kowa sai ya tuɓe riga ya matse a kofi. Ya durƙusa gaban Manaja ya miƙa babban.

"Ranka ya daɗe, ga guminka na yau. Wannan na Malam Akawu ne. Na Hajiya bai da yawa, a hankali na yi."

Malama Furera ta dubi kofi, ta dubi Manaja, ta rufe littafinta.

"Na gode, Malam Tunau. Yau zan gaya wa Alhaji. Na san da kansa zai zo."

Haka kuwa aka yi, kafin la'asar waya ta zo cewa Alhaji Mudi zai zo ranar Litinin da safe ya gani da idonsa. Manaja ya kira Tunau.

"Da ba don ina buƙatar mai share-share kafin Litinin ba, da yanzu za ka bar nan. Amma ka ji, ranar da Alhaji ya zo ya tafi, ranar aikinka ya ƙare."

Tunau ya je gida da fara'a. "Hansai, an ce ranar Litinin aikina zai ƙare. Ashe yana ƙarewa. Zan huta."

Hansai ta saki ludayin da ke hannunta. Ta dubi 'yar dawar da ta rage a ƙwarya, ta dubi yaran suna wasa a ƙasa. Yau ko zagin ma ba ta iya ba. Ta ɗebo tuwo ta ƙara masa a kan nasa, ta ce, "Ci, Baban Ladi. Ka rame." Iya Tabawa ta juya fuska bango tana jan carbi.

Wata rana, ita ce Asabar ta kafin zuwan Alhaji, Manaja ya tara mutanensa ya fito da dabara. Ashe tun farkon shirin nan Alhaji ya aiko musu da rigunan ƙwallo da takalman kambas, suna nan cikin sito a ledarsu, ko buɗewa ba a yi ba.

"Ranar Litinin mu zo da wuri mu saka su," in ji shi. "Direba ya tsaya a mararraba. In ya hango motar Alhaji ya bugo waya, mu yayyafa ruwa a fuska, mu tsaya bakin ƙofa muna haki. Shi ke nan."

"Allah ya ƙara basira," in ji Akawu.

Da aka tashi, Manaja ya miƙa wa Tunau makullan ofis da na sito.

"Kulle ko'ina. Rataya su a wuyanka, kada ka cire, kada ka ajiye, ka zo da su da sassafe. Sannan ka saurara. Ranar Litinin ba na son Alhaji ya gan ka kusa da mu, kada ka buɗe wannan bakin naka ka ƙarasa mu. In ka hango ni, ko Akawu, ko Hajiya, yi nisa. In mun nufo ka, ƙara gaba. Na san halina, bakina ya saba da sunanka. Ko na manta na kira ka, kada ka zo. Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Litinin ta yi. Tunau ya riga kowa zuwa, makullai a wuya. Bai buɗe ko'ina ba, an ce ya zo da su ne. Da ya hango motar Manaja sai ya koma tsakiyar filin shanya ya tsaya. Manaja ya tura direba mararraba, ya taɓa ƙofa ya ji ta gam.

"Tunau! Kawo makulli!"

Tunau ya durƙusa daga can ya ɗaga murya. "Ina kwana, ranka ya daɗe! Ka manta ne ka kira ni!"

"Ban manta ba! Zo nan!"

"Ka ce ko ka kira kada in zo!"

"To jefo su!"

"Ka ce kada in cire!"

Manaja ya juya wajen leburori, suna zazzaune kan buhuna suna shan koko. "Ku kamo min shi!"

Babbansu ya lashi cokali. "Yallaɓai, mu ɗaukar buhu aka ɗauke mu. Wannan kuwa ba buhu ba ne."

Rana na ɗagawa, Alhaji na hanya, kaya na kulle. Manaja ya tattare babbar riga ya nufi fili. Tunau ya ja da baya. Manaja ya ƙara sauri, Tunau ya ƙara. "Ku tare shi ta can!" ya ce wa Akawu da Hajiya, da isowarsu ke nan. Akawu ya bi ta bayan injin, Hajiya Lantana ta tuɓe takalma, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ce, "Yau ko ni ko ɗan nan." Shi kuwa bawan Allah ba gudun tsere yake ba. Nisan da aka ce ya yi, shi yake riƙewa, ba ya ragewa ba ya ƙarawa. In sun tsaya sun dafa gwiwa suna numfashi, shi ma ya tsaya ya jira, yana yi musu sannu. In sun taso, ya ƙara gaba. Suka zagaya filin shanya, suka bi ta bayan sito, suka kewaye tulin ɓuntu, suka sake dawowa fili. Akawu ya ce zai yanke ta kan ɓuntu, ya nutse har ƙugu, ya fito fari fat. Hular Manaja ta faɗi, ya yar da babbar riga, ya rage daga shi sai 'yar ciki, tumbi na tsalle gaba da baya. Leburori suka hau tafi, suna buga buhu kamar ganga.

"In na kama ka sai na yanka ka!" in ji Manaja.

"Sannu, ranka ya daɗe! A hankali, akwai rami!"

Alhaji Mudi kuwa bai biyo ta mararraba ba. Ya biya gonarsa, ya shigo ta ƙofar baya, Malama Furera na cikin motar. Ya fito ya tsaya, ya riƙe baki. Tunau ya zo wucewa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya waiwaya ya ce, "Alhaji a gafarce ni, an ce in ƙara gaba," ya wuce. Sai ga Manaja ya ɓullo, ga Akawu, ga Hajiya a ƙarshe tana kiran sunan Allah. Suka yi turus.

"Haladu!" in ji Alhaji. "Ashe ƙarya ake yi maka?"

Manaja na ta haki, gumi na zuba. Malama ta matso, ta taɓa rigarsa, ta kama wuyan hannunsa ta ji bugun jini.

"Alhaji, wannan gumin dai nasa ne. Ba aike ba ne."

"Madalla! Ko kayan wasan ba ku tsaya sakawa ba. Wa ya tsara muku wannan?"

Manaja ya ɗaga hannu ya nuna Tunau, da nufin a kama shi. Tunau na can tsaye nesa, makullai na ƙyalli a ƙirjinsa.

"Wancan dogon? Ai na gani. Na ga yadda yake jiranku in kun gaji, ba ya barin kowa a baya. Wannan ya san aikinsa. An tabbatar da shi kuwa?"

"Alhaji... yau... yau ne..." in ji Manaja.

Ya so ya ce yau ne za a kore shi. Amma in ya faɗa sai a tambayi laifinsa, in an tambayi laifinsa sai an buɗe sito, a ga riguna cikin leda. Hajiya Lantana ta mintsine shi a baya.

"Yau ne za a tabbatar da shi," in ji Manaja, kamar mai haɗiyar maɗaci.

"To a ƙara masa wani abu a kan albashinsa. Kuma daga yau makullan nan a wuyansa za su zauna. Kullum da safe haka za a yi, shi a gaba ku a baya. Ba mai shiga ofis sai Malama ko maigadi ya ga gumi, na mai shi, a jikin mai shi."

Akawu ya zauna daɓas a ƙasa. Hajiya ta ce, "Mun shiga uku."

Da labari ya kai Marken Dutse, Hansai ta sa aka maimaita mata, don ba ta yarda ba. Ta tambayi mijinta, "Kai me ka yi musu?"

"Ban yi komai ba," in ji Tunau. "Nisa kawai na yi."

Har yanzu in kuka bi ta titin nan da sassafe za ku gan su. Dogon mutum a gaba, makullai na kacau kacau, manyan tumbuna a baya suna tsine masa, shi kuwa yana waiwaye yana yi musu sannu da zuciya ɗaya. Wandunan Manaja sai da tela ya rage su, likita ya rage masa ƙwayoyi, amma ko sau ɗaya bai taɓa buɗe baki ya ce wa wawan nan na gode ba. Oho dai, wannan tsakaninsa da Allah. Hayaƙi bai daina tashi a murhun Hansai ba.

Ƙurunƙus kan tulin ɓuntu. Ku kuma ku tashi haka nan, kun daɗe a zaune.